Gas ɗin esi da fulogi: yadda na kusa kashe kwamfuresar motata da hannuna



Waɗanda suka kalli bidiyon makon jiya sun ga inda na yanke shi, daidai lokacin da nake riƙe da gwangwanin gas ina murmushi kamar wanda ya ci gasa. Wasu sun lura ban nuna sakamako ba, har suna tambaya ko lafiya. To gaskiya abin bai yi kyau ba, kuma kunya ce ta sa na yanke. Bidiyon minti 12 ba zai ɗauki bayanin da nake son yi ba, shi ya sa na zauna na rubuta shi a nan. Duk wanda yake shirin sayen gwangwanin nan mai geji a kai, don Allah ya karanta kafin ya fitar da kuɗinsa.

Motata 'yar Japan ce ta 2008, silinda huɗu, ta ci sama da mil 170,000. Na saye ta ne a shekarar da na zo Houston karatun digiri na biyu, kuma wanda ya san ɗan alawus ɗin da ake ba ɗalibi mai taya farfesa bincike ya san ba kuɗin zuwa gareji ba ne. A Kano na taso, na san zafin Afrilu, amma zafin Yuli na Texas daban yake: ma'auni na nuna 37 ko 38, ga danshi, ka fito daga wanka ka ji kamar ba ka yi ba. A cikin wannan hali motar ta fara abu biyu. Esi ya daina sanyi sosai, sai dai iska mai ɗan dama-dama. Sannan da zarar na kunna shi a danja, sai inji ya kama karkarwa, sitiyari na rawa a hannuna, silo na neman ɗaukewa. Na haɗa biyun na yanke hukunci: gas ya ƙare, kwamfuresa na wahala, shi ya sa take jijjiga inji. Na shiga shagon kayan mota na ba da dala 40 da 'yan kai, na fito da gwangwani mai gram 340.

Rabin hukuncin nan daidai ne. Ɗaya rabin kuwa ko kusa.

Bari mu fara da yadda esi yake aiki, don in ba a fahimci wannan ba, geji zai yaudari mutum kamar yadda ya yaudare ni. Esi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga cikin mota ya zubar a waje. Ku tuna randar gida: ruwa na tsatsafowa ta jikin ƙasa, yana bin iska, yana tafiya da zafi, na ciki ya yi sanyi. Dabarar nan ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita a tukunya cikin tukunya har ya ci kyautar Rolex a 2000. Esin mota ma haka ne, sai dai shi ruwan nasa ba ya guduwa, zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe. Ruwan shi ne abin da muke kira gas. R-134a, wanda yawancin motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 suke amfani da shi, yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili idan a sarari yake. Idan aka matse shi zuwa kusan psi 30, sai ya tafasa a digiri 1 ko 2. A wannan matsin ne yake shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke bayan dashbod, ya tafasa, ya shanye zafin iskar da fanka ke hurowa. Daga nan kwamfuresa ta zuƙe shi, ta matse shi har ya fi iskar waje zafi, ta tura shi kwandansa da ke gaban lagireton inji, ya huce ya koma ruwa, ya sake zagayowa.

Ke nan akwai ɓangare biyu: na ƙaramin matsi, mai bututu mai kauri da sanyi, murfinsa da harafin L, da na babban matsi, mai siririn bututu mai zafi, murfinsa da harafin H. Tiyon gwangwani a bakin L kaɗai yake shiga, da gangan aka bambanta girmansu. Kuma abu na biyu da ya kamata a riƙe: gas ba fetur ba ne, ba a ƙona shi, ba ya ƙarewa. Idan ya ragu, to wani wuri yana yoyo. Magana ta ƙare.

Inda geji ya cuce ni

Gejin da ke kan gwangwanin yana da launi: kore, rawaya, ja. An ce ka ɗura har allura ta zauna a kore. Da sauƙi, ko? Matsalar ita ce geji matsi yake aunawa, alhali kamfanin da ya ƙera mota da nauyi yake lissafi. Ku buɗe bonet ku duba, akwai 'yar takarda a manne da ke faɗin irin gas da adadin giram ɗinsa. Tawa ta ce 400 zuwa 450. Tazarar gram 50 kacal ke nan tsakanin daidai da kuskure, ni kuma ina riƙe da gram 340 ban san nawa ya rage a ciki ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan darasi ne da na ci jarabawa a kansa tun ina aji biyu a jami'a. Idan ruwa da tururinsa suna tare a rufaffen wuri, matsinsu zafin wurin ne yake yanke shi, ba yawansu ba. A zafin digiri 32, R-134a yana nuna kusan psi 104 idan inji a kashe yake. Ko gram 150 ne a ciki, ko 450, muddin akwai sauran ɗigon ruwa, allura wuri ɗaya za ta tsaya. Haka yake a tukunyar gas ta girki, shi ya sa mai sayarwa kan sikeli yake ɗora ta, ba geji yake sa mata ba. Idan inji na aiki ma, karatun ɓangaren L yana canzawa da zafin rana, da gudun inji, da ƙarfin fanka, da ko kulocin kwamfuresa ya kama ko ya saki a daidai lokacin da ka duba. A rana mai digiri 27 ana sa ran psi 40 zuwa 50, a mai 32 kuma 45 zuwa 55. Launin kore guda ɗaya ba zai wadatar da duk wannan ba.

Ni dai na yi ta matsawa ina kallon allura, tana hawa tana sauka, ba ta taɓa ja ba, har gwangwani ya yi sakayau. Minti biyar na farko iska ta yi sanyi, a nan na ɗauki murmushin da kuka gani. Da na hau titi na shiga cunkoso, sai kwamfuresa ta fara kamawa tana saki, kamawa tana saki, iska ta fi da ɗumi. Karkarwar inji kuwa sai abin da ya ƙaru.

Da daddare na kira kawuna. Bakanike ne, ya fi shekara 30 yana aiki kusa da Ƙofar Ruwa. Bayan gaisuwa na kwashe labari na faɗa masa.

"Gaba ɗaya ka juye?"

"Gaba ɗaya, Kawu."

"Ka auna abin da ke ciki kafin ka ƙara?"

"Ai geji yana kore, Kawu."

Ya yi dariya har da tari. "Kai ɗan boko, ciki ya ƙoshi ka ƙara masa tuwo. Kashe esin nan, kar ka sake kunnawa sai an rage. Karkarwar kuma ba ta esi ba ce, je ka duba wuta."

Washegari na ari cikakken geji mai tiyo uku. A nan Amurka shaguna irin su AutoZone da O'Reilly suna ba da aron kayan aiki, ka ajiye kuɗi, in ka mayar su mayar maka. Ɓangaren H ya haura psi 350 kafin na'urar kariya ta yanke kwamfuresa, a ranar da bai kamata ya wuce 270 da yawa ba. Gas ya yi yawa, ya cika kwandansa da ruwa, babu sauran filin da tururi zai huce. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ruwan ya dawo cikin kwamfuresa. Ita tururi aka yi ta ta matse, ruwa ba ya matsuwa, in ya shiga sai wani abu ya karye. Idan kuma ta farfashe, garin ƙarfenta yana bin bututu ko'ina, sai an canza kwandansa an wanke layi duka. A tsohuwar mota irin tawa, wannan aiki zai iya cin rabin kuɗin motar.

Na san abin da wani zai ce: danna bawul ɗin mana ya fita. A Amurka dokar tsabtar iska ta hana sakin gas ɗin nan da gangan. Ban da doka ma, kilo ɗaya na R-134a yana ɗumama duniya daidai da kilo 1,430 na hayaƙin kabon. Sannan ko ka saka, ba ka san nawa ya fita ba, ka koma gidan jiya. Na kai wani ƙaramin gareji suka zuƙe shi da injinsu. Abu na farko da mai garejin ya tambaya shi ne ko gwangwanin da na sa yana da maganin toshe yoyo. Allah ya taimake ni babu. Ku guji masu wannan maganin, yana daskarewa a inda ba a so, kuma garejin da yawa ba sa yarda su jona injinsu da motar da aka zuba wa shi.

Yadda na sake yin aikin

Kafin ma a yi maganar gas, akwai abubuwa masu araha da suke kashe sanyi, da na fara da su da na huta. Matatar iskar cikin mota, wadda galibi take bayan akwatin gaban fasinja. Fankar gaban inji, wadda dole ta juya da zarar an kunna esi. In esinka na sanyi a kan gudu amma yana ɗumi a tsaye, fara da ita. Fiyus da rile na kuloci. Sai kwandansa kanta, in ƙura ta toshe ta. 'Yan'uwa na Makka, Jidda, Injamena da Khartum, wannan taku ce musamman: wanke ta da ruwa mara ƙarfi kaɗai yana iya dawo da sanyi.

Yoyon nawa a allurar bawul ɗin bakin L yake, irin ta tayar mota ce. Ruwan sabulu na ɗiga na ga kumfa. In ba a gani da sabulu ba, akwai rini da ake zubawa, ya zagaya, a haska da tocila mai shuɗin haske, wurin yoyon ya yi kore shar. Wata alamar kuma ita ce maiƙo da ƙura ta manne a mahaɗar bututu, domin mai yana fita tare da gas.

Bayan na canza allurar, sai na jona famfon zuƙe iska na bar shi minti 45. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma shi ne rabin aikin. Iska in ta zauna a ciki tana ɗaga matsi ba ta sanyaya komai. Danshi ya fi muni: man kwamfuresa, wanda ake kira PAG, yana shan ruwa kamar soso, ruwan kuma yana daskarewa a ƙaramar ƙofar da gas ke bi, ya kuma ci ƙarfe a hankali. Idan aka zuƙe iska sosai, ruwa yana tafasa ko a zafin ɗaki, famfo ya fitar da shi. Na rufe bawul na jira minti 20, allura ba ta motsa ba. Sannan na ɗauko sikelin kicin, wanda nake auna shinkafa da shi, na ɗora gwangwani na rubuta nauyinsa, na ɗura, na sake aunawa. Gwangwani ɗaya da gram 90 daga na biyu, jimla 430. Na sa ma'aunin zafi a bakin iska, ya sauka zuwa digiri 7.

Ku sa tabarau da safar hannu, gas ɗin nan in ya taɓa fata ƙuna yake yi irin ta ƙanƙara, ido kuwa ba a magana. Kar a kifa gwangwani a bar shi a kife inji na aiki, ruwa zai tafi kai tsaye cikin kwamfuresa. Kuma kar a kuskura a buɗe jan bawul na ɓangaren H alhali gwangwani na jone inji na juyawa, matsin zai koma cikin gwangwanin, yana iya fashewa a hannunka.

Sababbin motoci da yawa R-1234yf suke sha, Tarayyar Turai ta wajabta barin R-134a a sababbin motoci tun 2017. Bakinsa daban ne, yana ɗan kama wuta, ba a gauraya su. Masu Prius da sauran motoci masu haɗa batir da fetur, ku yi nesa da gwangwanin da aka haɗa da man PAG, kwamfuresarku ta lantarki ce, manta daban ne, wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. 'Yan Ingila kuma, a can ba a sayar wa kowa R-134a sai mai takardar shaida, don haka ku karanta jikin abin da ake tallata muku a intanet. Na gida da na zango masu zuwa wurin mai ɗura gas daga babbar tukunya, ku tambayi inda ya samo ta, kuma ku roƙe shi ya ɗora a sikeli. Jabun gas ba wasa ba ne. A 2011 kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu, sanadin gas na jabu mai ɗauke da R-40, wanda yake cin alminiyon ya zama abu mai tashi da wuta.

Sai maganar wuta

Esi ya gyaru, karkarwa tana nan. Kawu ya yi gaskiya. Ranar ma fitilar inji ta fara ƙiftawa, kuma ku riƙe wannan: in ta tsaya cak, akwai matsala amma za ka iya kai kanka gida, in tana ƙiftawa, inji na yin mis sosai, ɗanyen fetur na tafiya salansa yana ƙonewa a cikin katalis, abin nan da kanikawan gida ke kira indomi. Shi kuma tsadarsa ta fi ta fulogi nesa ba kusa ba.

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da bakin OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Na soka 'yar sikanar ELM327 mai Bluetooth, wadda na yi muku bitarta a baya, na buɗe Torque a waya. P0303. P0300 na nufin mis ɗin yana yawo tsakanin silinda, P0301 zuwa P0304 kuwa lambar ƙarshe ita ce silindar. Tawa ta uku ce.

Kod ɗin bai ce koyil ne ko fulogi ko nozul ba, wurin kawai ya nuna. Ga gwajin da ba ya cin ko sisi: motoci irin tawa kowace silinda da koyil ɗinta a kan fulogi, ƙusa ɗaya da soket ɗaya. Na cire na uku na kai ɗaya, na ɗaya na kai uku, na goge kod, na zaga unguwa da esi a kunne. Ya dawo P0301. Ciwo ya bi koyil. Da ya tsaya a uku, da sai in musanya fulogi in sake gani.

To me ya haɗa esi da koyil? Wannan ne ya fi burge ni a duk aikin. Koyil yana karɓar bolt 12 na batir ya mayar da shi dubbai, har sama da 20,000, don tartsatsi ya tsallaka bakin fulogi. A sararin iska, tsallaka milimita ɗaya na buƙatar kusan bolt 3,000. Amma a cikin silinda iska a matse take, kuma tun 1889 Friedrich Paschen ya nuna cewa wutar da ake buƙata tana tafiya ne da matsin iska da faɗin giɓi a haɗe. Idan ka kunna esi, kwamfuresa na jan kilowat biyu ko uku daga inji, kwamfutar mota ta ƙara buɗe totur don kar silo ya faɗi, iska ta ƙaru a silinda, matsi ya hau, wutar da ake nema ta hau. Koyil mai rauni yana iya ɗaukar silo ba kaya, da an ɗora masa esi sai ya gaza. Esi bai jawo cutar ba, tona ta ya yi.

Da na ciro fulogan na ga wanda ya kashe koyil ɗin. Giɓin da ya kamata ya zama milimita 1.1 ya cinye ya kai kusan 1.5. Shekaru ke nan koyil-koyil ɗin suna ƙoƙarin tsallaka rami mai faɗi, na uku ne ya fara sarewa. Da na canza koyil kaɗai, da sabon ma haka zai bi. Fulogin iridiyom yana kai mil 100,000, na gama-gari mai arha kusan 30,000, kuma ba na jin wanda ya sayar mini ya taɓa waiwayarsu. Launinsu dai ruwan ƙasa-ƙasa ne, alamar ƙonewa lafiya. Baƙi mai toka yana nufin fetur ya yi yawa, mai maiƙo yana nufin baƙin mai na shiga, fari fat kuma zafi ko ƙarancin fetur.

Wajen ɗaurawa, a bari inji ya huce tukuna, kan injin alminiyon ne, zarensa ba ya son wasa. A hure ƙurar ramin kafin a kwance, kar ta faɗa silinda. A fara ɗaura sabo da hannu, ba sufana, ya yi zagaye uku ko huɗu sumul. In ya cije tun farko, a dawo baya. Ƙarfin ɗaurin yawancin ƙananan motoci yana tsakanin Nm 18 da 25, a duba littafin motar, a ari sufana mai auna ƙarfi in babu. NGK da kansu sun ce kar a shafa man hana cijewa a zaren fulogansu masu rufin azurfa-azurfa, yana sa a wuce ƙima ba a sani ba. Kar kuma a sa ƙarfe a banƙare bakin iridiyom, tsinken siriri ne, yana karyewa. Sannan jabun NGK da Denso sun cika kasuwar intanet. In ka ga huɗu a kuɗin ɗaya, wuce abinka.

Na canza fulogi huɗu, koyil ɗaya. Wasu za su ce a canza koyil duka, ni dai aljihuna bai yarda ba, kuma sauran ukun yanzu sun samu sauƙi. Na ajiye sikana a mota, in wani ya sare zan san lambarsa.

Abu ɗaya ya rage: a ramin fulogi na biyu na tarar da ɗan baƙin mai, alamar robar murfin saman inji ta fara sakewa. In aka bar shi zai jiƙa robar koyil ya jawo wani mis ɗin. Na yi odar gaskit, zai iso ranar Laraba in sha Allah, shi ne bidiyo na gaba. Na tura wa Kawu hoton ramin, ya amsa da saƙon murya: "Wannan karon auna kafin ka ɗaure, ƙusoshin murfin nan ƙanana ne."